Raƙumin Tagulla da Ya Kai Mu Damagaram

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci, a ofishin malamai, har a bakin fadamar Watari in na je duba shinkafa, sai wani ya tare ni: "Malam Sani, wai da gaske dara ce ta kai ku Nijar?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauka ya ƙara nasa gishirin, har na ji ana cewa gasa muka je, Baba ya ciyo babur. Ba mu ciyo komai ba. Ga yadda abin ya kasance.

Mahaifina, Alhaji Ado, fatauci ne a ƙuruciyarsa. Goro da gyaɗa sun kai shi kudu sun kai shi arewa, kuma duk garin da ya sauka, in ya ga ƙaramin allon wasa wanda zai shiga jaka, sai ya saya. Wasu huluna suke tarawa, shi wannan ya tara. Suna nan cikin wata tsohuwar adaka a ɗakinsa: akwai na Yarabawa mai ramuka da 'ya'yan itace, akwai na fata daga Agadas wanda ake naɗewa kamar tabarma, akwai na Turawa mai sarki da dawaki da ya sayo a Makka. Ludo da karta ba sa shiga adakar, don ya ce duk wasan da sa'a take ci wa mutum ba ruwansa da shi. Wanda ya fi ƙauna kuwa wani ɗan allon dara ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, katako mai gurabe talatin, 'ya'yansa na tagulla, ɓangare ɗaya raƙuma, ɓangare ɗaya jakuna, kowanne da ɗan tsinke a ƙasa da ake soka shi cikin gurbi. Wani maƙeri mai suna Issufu ne ya yi masa shi a Damagaram tun ba a haife ni ba. Raƙumi ɗaya ya ɓace da daɗewa, tsinken ashana ne yake tsaya masa.

Bara idon Baba ya fara yin yana, ganinsa ya ragu. Da farko bai fasa zuwa gindin tsamiyar ƙofar gari ba, inda dattawa suke dara bayan la'asar, sai dai ya koma zuwa da ɗan allonsa, tunda da yatsa yana iya bambance raƙumi da jaki. Ga wanda bai san dara ba, kowa yana da 'ya'ya goma sha biyu, in ka jera uku a layi sai ka cire ɗan abokin wasanka guda. Wata rana yana wasa da Malam Garba, amininsa, ya shafa allon ya ji Malam Garba yana da hanyar ci a fili amma ya kauce ya matsa wani ɗan daban. Baba ya sake shafawa ya tabbatar. Ya tattara allonsa ya dawo gida, kuma daga ranar bai ƙara zuwa gindin tsamiya ba. Daga ɗaki sai masallaci. Abinci ma sai Inna ta tsaya a kansa.

Da damina ta yi nisa, an gama maimai, makaranta ta ba da hutu, ya kira ni ya ce in raka shi Damagaram a yi masa wani raƙumin. Na ce maƙeran Kano za su iya. Ya ce ai ya sani. Inna ta ce wa ma ya san ko mutumin yana raye. Baba ya ce in ya mutu sai mu yi wa iyalinsa gaisuwa mu dawo. Inna ta kalle ni, ta ce, "Kai shi. Wannan ne abu na farko da ya nema tun bara."

Muka fita da sassafe, babur ya kai mu bakin titi, muka bi ta Dawanau muka shiga Kano, a nan muka sami motar Daura. Saboda Baba aka ba mu gaba. A bayanmu akwai wata mata mai jiki, Hajiya Rabi, 'yar kasuwa ce Badamagariya, ta saro atamfa da robobi har sun danne ta. Da ta ji inda za mu, ta ce, "Ikon Allah, yau Kanawa za su je gaida iyayen gidansu." Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa. Na ɗauka Baba zai yi shiru kamar yadda ya saba a 'yan watannin nan, sai na ji ya ce, "Za mu je dai mu ga ko kun koyi yin miya." Daga nan ba su bar juna ba har iyaka.

Mun wuce Dambatta kenan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, abin share gilashin motar kuwa ya ƙi motsi. Direba bai damu ba ko kaɗan. Ya tsaya, ya ciro igiya, ya ɗaura a jikin abin, ya zuro bakinta ɗaya ta tagarsa ɗaya ta tawa. Ya ce, "Malam, in na ja ka saki, in na saki ka ja." Haka muka shiga Kazaure, ni da direba muna ja muna saki, hannun rigata sharkaf, Hajiya Rabi tana ba mu kiɗa da murfin roba. Baba ya tambaye ni me ake yi wa dariya, na gaya masa, ya ce ashe karatuna ya yi rana.

A Daura muka canza mota zuwa Kongolam. A iyaka kowa yake sauka, a duba takardu a ɓangarenmu, a taka kaɗan a sake dubawa a nasu. Jami'in ɓangaren Nijar, wani dogo mai fara'a, ya duba katina ya ga sana'ata, ya ɗago ya ce, "A'a, ashe mushe ne kai." Raina ya ɓaci nan take. Mutum yana tsaye da ransa a kira shi mushe? Na buɗe baki zan yi magana Hajiya Rabi ta ja rigata, tana dariya har da hawaye, ta ce a wurinsu haka ake kiran malamin makarantar boko, girmamawa ce. Har muka dawo Baba bai daina kira na da sunan ba.

Da aka zo kan jakar Baba, jami'in ya ji 'ya'yan darar suna ƙara cikin gwangwani, ya ce a buɗe. Ya ɗauki jaki ɗaya ya juya shi a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce a ƙauyensu da kashin raƙumi da karan gero suke yi, a kan rairayi, bai taɓa ganin dara mai kwalliya haka ba. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, sannan ya mayar da hannu biyu ya ce, "Baba, Allah ya kai ku lafiya." Maganar canjin kuɗi kuwa na bar wa Hajiya, don yadda suke lissafinsu ya juya mini kai.

Abin da ya fara ba ni mamaki a hayin iyaka shi ne babu abin mamaki. Gero ne iri ɗaya da namu, sai dai gonakin sun fi faɗi, garuruwan sun fi nisa da juna. Mu nan in ka fita daga wannan ƙauye kana hango rumbunan na gaba. Can kuwa sai ka yi ta tafiya ba ka ga kowa ba sai mai amalanke. A Matamaye muka tsaya cin abinci wurin wani mai shayi, aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, bayansa da tauri. Baba ya gatsa ya ajiye, ya ce wannan sai masu haƙori. Mai shayin ya karɓa ya yayyanka masa cikin madara mai zafi ba tare da an roƙe shi ba. Shayinsu na gaske kuwa a ɗan mitsitsin kofi ake ba ka, baƙi ƙirin, da kumfa a kai. Na shanye na miƙe, Hajiya ta ce in zauna, ai wannan na farko ne, tashi kafin na ƙarshe rashin ladabi ne. Direban ma yana zaune yana jiran nasa, ba mai gaggawa.

Mun shiga Damagaram rana ta yi sanyi. Na yi niyyar neman masauki, Hajiya Rabi ta ce in mun kwana a gidan haya ita kuma ta shiga ina da kunya. Ta kai mu gidan yayanta a unguwar Zango, aka share mana ɗakin zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da wani kwaɗon zogale da ya sha ƙuli. Baba ya cinye nasa tas, ya aika a gaya wa Hajiya miyar ba laifi, da alama wata Bakanuwa ce ta koya musu.

Washegari muka shiga neman Issufu. Babur ɗin haya a can kabukabu suke ce masa. Muka hau biyu zuwa Birni, tsohon gari, inda lunguna suke zagaye wasu manyan duwatsu kamar an ajiye su da gangan. Matsalar ita ce rabin maƙeran garin sunansu Issufu. Na farko da aka kai mu wurinsa saurayi ne mai ƙera fartanya. Na biyu ya rasu, har mun fara yi wa matarsa gaisuwa Baba ya tambayi ko yana aikin tagulla, ta ce bai taɓa ba, wuƙaƙe yake yi. Muka ƙarasa addu'ar dai tunda mun fara. Kafin mu gano na uku azahar ta yi, garin kuma ya rufe. Wannan al'ada tasu ta burge ni: da rana ta take kowa yake ja ƙofarsa ya kwanta, ba ciniki ba hayaniya, sai la'asar. Mu da muke Kanawa muka zauna a inuwar wani masallaci muna mamakin yadda mutum zai bar kasuwa ya tafi barci.

Da la'asar wani mai sayar da dabino ya nuna mana gidan. A ƙofar akwai rumfa, wani magidanci yana zaune yana goge ƙananan abubuwa na tagulla. Shi ne ɗan Issufu, sunansa Lawali. Muka gaisa, muka tambayi mahaifinsa, ya ce, "Ya tafi likita tun da safe." A can in an ce likita asibiti ake nufi, mu kuwa duk mun ɗauka ciwo ne ya kwantar da shi. Lawali ya ga fuskokinmu ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau, dubawa kawai ya je, yanzu zai dawo.

Muna zaune sai ga wani tsoho siriri, dogo, da baƙin tabarau, yana tafe shi kaɗai ba sanda. Bayan gaisuwa Baba ya ciro allon ya miƙa masa. Tsohon ya juya shi, ya shafa gefensa, ya ce, "Wannan aikina ne. Kai kuwa ban san ka ba."

Baba ya ce, "Ado ne, Bakano mai gyaɗa. Ka cinye ni a bakin tasha, na ce ba zan tafi ba sai ka yi mini allo."

Issufu ya ce, "Kanawan da na cinye a bakin tasha suna da yawa."

Na ji wa Baba ciwo, don shekara da shekaru yana ambaton mutumin nan. Amma shi ko a jikinsa. Ya ce, "To zauna ka ƙara ɗaya."

Aka shimfiɗa tabarma. Kafin su fara Baba ya ce, "Sai dai ka sani, idona ba ya gani sosai. Da hannu nake lalube."

Issufu ya ce, "Wannan kai ta shafa. Raƙuma ko jakuna?"

Kafin a gama dasa 'ya'ya mutane sun taru. A gindin tsamiyarmu mai kallo yakan yi shiru, in ya matsu ya yi gyaran murya. Can kuwa kowa da bakinsa, ana yi wa wanda aka ci waƙa, wanda ya ci kuma sai ya ɗaga ɗan da ya cire ya nuna wa jama'a. Wasan farko bai daɗe ba, Issufu ya share Baba. Na biyu ma haka. Ina zaune ina jin kamar in ɗauke shi mu tafi. Na duba fuskarsa, sai na ga ya gyara zama, ya tura hularsa baya, yatsunsa suna yawo a kan allon da sauri irin yadda na san su ina yaro.

Wasa na uku ya ja. Baba ya toshe masa hanya ta dama, ya cire masa jakuna biyu a jere, masu waƙa suka yi tsit. Issufu ya daina zolaya, ya sunkuya. Har wani ya ce yau Bakano zai tafi da labari. Sai Baba ya kai hannu kusurwar allon, ya shafa wani jaki ya ɗauka raƙuminsa ne, ya matsa wani ɗan yana zaton bayansa a rufe yake. Kowa ya ga kuskuren. Na ce, "Baba, wancan ba naka..." Ya damƙe wuyan hannuna ya matse. Issufu bai ko ɗago ba. Ya jera ukunsa, ya cire raƙumin Baba, ya ɗaga shi sama, daga nan bai sake ba shi numfashi ba har wasan ya ƙare.

Baba ya fashe da dariya, irin wadda take girgiza masa kafaɗu. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Badamagare! Ko tausayi babu?"

Issufu ya ce, "Tausayin me? Saura kaɗan ka kunyata ni a ƙofar gidana."

Bayan mutane sun watse aka ɗora shayi. Issufu ya ce, "Kanka yana nan, Bakano. Amma rabin allo kake wasa da shi. Me ya hana a cire maka yanar?"

Nan ne fa inda muka sha fama a gida. Likita a Kano ya ce aikin ƙarami ne, ni da Inna da ƙannena mun yi roƙon duniya, Baba ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido yana raye. Na zaci zai ba shi amsar da yake ba mu. Sai ya sunkuya yana juya kofin shayinsa.

Issufu ya cire tabaransa ya ce, "Ni nan da kake ji na, shekara biyu ana ja na da sanda. An yi mini ɗaya, an yi mini ɗayan. Yau ma dubawa na je." Ya kamo hannun Baba ya ɗora a kan fatar idonsa. "Taɓa ka ji. Yana nan ko ba ya nan?"

Baba ya shafa a hankali. Ya ce, "Da zafi?"

"Cire haƙori ya fi shi. Tsoron ne mai zafi, shi kuma na riga na sha shi kafin in je."

Ba su ƙara tayar da maganar ba. Suka koma hirar tashar gyaɗa da mutanen da suka mutu, a nan ne ma Issufu ya tuno wani direba da su biyun suka sani, har ya ce wataƙila ya fara gane Baba, wataƙila kuma wani Bakanon ne.

Hannun Issufu yana rawa yanzu, ya bar aiki, Lawali ne ya yi mana raƙumin. Da kakin zuma ya fara siffanta shi, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ya nuna mana irin ƙananan allunan da yake yi wa baƙi masu tarawa, har da irin na Turawan nan, amma ya mai da sarkin mai rawani, ɗan wasan nan mai siffar hasumiya kuma ya mai da shi rumbu. Baba ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan rumbun ya ce a naɗe masa, adakarsa da sauran wuri.

Mun ƙara kwana biyu, kullum da la'asar suna kan tabarma. Baba ya ci sau ɗaya, Issufu ya ce rana ce ta shiga masa ido. Ranar da za mu taho ya rako mu har bakin lungu, ya riƙe hannun Baba ya ce, "Ka dawo da idonka. Na fi son in cinye mutum yana kallo." Hajiya Rabi kuma ta cika mana jaka da kilishi da dabino, ta ce a kai wa Inna, a gaya mata ta yi haƙuri da auren Bakano.

A hanyar dawowa Baba bai yi magana sosai ba, na ɗauka gajiya ce. Mun wuce Kazaure, mota ta yi shiru, sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Mushe, wannan aikin idon, sa mutum barci ake yi?"

Na ce, "A'a Baba, kashe wurin kawai ake yi, kana farke."

Can ya ce, "To ka tambayo mini rana. Amma kada ka gaya wa uwarka maƙeri ne ya sa ni."

An yi masa aikin idon dama makon jiya, na hagu sai nan gaba. Ni na kai shi, ni na zauna a bakin ƙofa ina ta jan carbi. Washegari da ma'aikaciyar asibitin ta cire masa audugar, ya ƙifta ido, ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya juyo gare ni. Ya daɗe yana kallona har na fara tsarguwa. Na ce, "Baba, kana gani?"

Ya ce, "Ina gani. Sani, yaushe ka yi furfura haka?"